Babi na Huɗu: Garjin Bazara a Ƙasar Gumel

Hunturu yana janyewa ne a hankali. Wajen ƙarshen Fabrairu bargo zai fara yi wa mutum nauyi da asuba, hazon da ya rufe sama tun Disamba ya fara washewa, masu shayi su rage itacen da suke hurawa don 'yan jin ɗumi. Sai wata rana cikin Maris ka kai hannu kan ƙyauren ƙarfe da azahar, ka janye ba shiri. Bazara ta shigo ke nan, kuma ba za ta saki gari ba sai ruwan sama ya zauna, wanda a wannan yanki yakan kai Yuni, wata shekarar ma har farkon Yuli.

Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗu suka yi masarautar Gumel: Gumel ɗin kanta, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Biyu daga cikinsu, Maigatari da Sule Tankarkar, sun jingina da iyakar Nijar, ta ɓangaren Damagaram. Ƙasa ce ta jigayi da yashi, babu wani babban kogi da ya ratsa ta. Mutumin Haɗeja ko na Ringim yana da fadama da bakin ruwa inda zai karkata idan gari ya yi zafi, amma Bagumale ba shi da wannan gatan. Abin da yake da shi rijiya ce mai zurfi, da inuwar itace, da dabarar zama. Mangawan da suka kafa sarautar nan, waɗanda suka baro Tumbi da ke cikin Nijar ta yanzu suka dawo da fadarsu Gumel a 1845, sun san irin ƙasar da suka zaɓa. Tsarin gidajensu da lokutan aikinsu da abin shansu duk an yanka su ne daidai da watanni ukun nan na wahala.

Dalilin zafin ba ɓoyayye ba ne. Gumel tana arewa da tsakiyar duniya da digiri 12 da ɗoriya, saboda haka sau biyu a shekara rana ke bi ta tsakar kanta sak. Na farko a makon ƙarshe na Afrilu. Wanda ya kafa sanda a tsakar gida a kwanakin nan zai ga da tsakar rana inuwarta ta shige ƙarƙashinta, ta ɓace. Na biyu a cikin Agusta ne, amma ba mai kukan zafi a Agusta, don a lokacin sama na da gajimare, ƙasa a jiƙe take, gero ya rufe gona. Zafin ranar da ya sauka sai ya tafi wajen busar da ruwa. A Afrilu kuwa ƙasa ta yi wata shida ko bakwai ba ta ga ɗigo ba, an kwashe kara, dabbobi sun cinye abin da ya rage, yashi yana tsirara. Babu ruwan da rana za ta busar, don haka duk ƙarfinta yana ƙarewa ne a kan yashi da bango da kwanon rufi, su kuma su mayar wa iska. Shi ya sa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas abu ne na kullum a Afrilu da Mayu, kuma wannan awon na cikin inuwa ne. Wanda ke tsaye a fili yana shan abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ma'auni lamba ɗaya yake bayarwa, mutanen gari kuwa sun rarrabe zafi gida-gida, kuma rarrabewarsu tana da amfani ga mai son ya tsira da lafiyarsa. Akwai ƙuna, wadda ke zuwa daga Maris zuwa tsakiyar Afrilu, lokacin da iska take a bushe ƙayau. Idan aka ce rana tana ƙuna, ko rana ta ƙwalle, ana nufin zafin da ke dukan fata kai tsaye, wanda inuwa ke maganinsa. Garjin rana shi ne tsakiyar wannan, daga bayan hantsi har zuwa gab da la'asar, sa'ar da uwa ke hana yaro fita ta ce, "Ina za ka cikin garjin nan?" Akwai huci, wato iskar da ke tasowa daga kan yashi ta shigo har cikin rumfa, ka ji ta a fuska kamar an buɗe bakin tanda. Inuwa ba ta tare huci, sai bango ko jiƙaƙƙen zane. Sannan daga cikin Mayu sai gumi ya karɓa. Iskar kudu maso yamma ta fara turo laima daga teku, hadari yana haɗuwa yana watsewa, iska ta ɗauke ɗif, zufa tana tsiyaya ba ta bushewa. A ma'auni wataƙila lambar ta ɗan sauka, amma kowa ya san kwanakin gumi sun fi na ƙuna cin rai, kuma da dare ne suka fi nuna halinsu.

Jikin ɗan Adam yana son ya tsaya kusa da digiri 37. Idan iskar waje ta haura haka, hanya ɗaya ta rage masa ta sauke zafi, ita ce zufa ta fito ta bushe, domin bushewar ce ke tafiya da zafin, ba fitowar ba. A lokacin ƙuna zufa na bushewa tun kafin ka gan ta. Mutum zai yini yana zubar da ruwan jikinsa bai sani ba, alamar kawai ita ce farin gishirin da zai gani ya zana masa layi a bayan riga da gefen hula. A lokacin gumi kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar ƙari, sai zufar ta jiƙa riga a banza, jiki bai huce ba. Na farkon yana kashewa ta ƙishirwar da ba a ji ba, na biyun ta zafin da ya rasa hanyar fita.

Wanda ke son ganin yadda jama'a ke zama da wannan, ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis cikin Afrilu. Kasuwa ce da ake zuwa daga Nijar da Chadi da kudancin Najeriya saboda dabbobi, ga kuma riɗi da zoɓo da wake. Tun kafin gari ya waye ake koro shanu da tumaki da raƙuma, don kowa na son ya isa kara rana ba ta buɗe ba. Cinikin kirki na safe ne. Zuwa ƙarfe goma sha biyu yashin kara ya ɗau zafi har mai silifas yana ɗaga ƙafa, tumaki sun cusa kawunansu ƙarƙashin cikin juna suna haki, sa ya saki yawu, raƙumi kaɗai ya durƙusa ya fuskanci rana yana tuƙa abinsa. Dillalai sun naɗe fuska da rawani, sun jeru a siririyar inuwar tirelolin da ke jiran lodi. Duk wanda ya iso sai ya ce, "Sannunku da rana. Alhaji, ya zafi?" A amsa masa, "Lokacinsa ne, Malam." Yara masu ruwan leda suna ratsawa da bokiti a ka, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Dattijo ya kira ɗaya: "Kai ɗan samari, mai sanyi ne?" Yaron ya sauke ya ce, "Taɓa ka ji, Baba." Dattijon ya ɗauki leda biyu, ya fasa ɗaya ya sha, ɗayar ya ɗaga hula ya juye a ka, ya mayar da hular. Wannan ledar ta biyu ba ɓarna ba ce. Ruwan da ke bushewa a kan fata yana yin aikin zufa ne ba tare da ya rage ruwan jiki ba, kuma likita ma abin da zai ce a yi ke nan.

Amsar nan ta "lokacinsa ne" ina ganin girmanta, domin akwai haƙuri a cikinta, akwai kuma sanin cewa zafin nan shi ke jawo damina. Ƙasar da ta gasu ce ke sa iska ta tashi sama, ta buɗe wa iskar teku hanya, shi ya sa manomi ke kallon bazara mai tsanani da fatan alheri. Sai dai haƙurin ya kan wuce gona da iri har ya zama sakaci. Muna da sunan ciwo ga kusan komai, amma ba kasafai za ka ji an ce zafi ne ya kashe wane ba. Za a ce zazzaɓi ne na kwana ɗaya, ko hawan jininsa ne ya tashi, ko tsufa ne. Tsohuwar da aka bari a ɗakin kwano da azahar, an rufe mata ƙofa don kada yara su dame ta, idan aka same ta da la'asar ba ta gane mutane, ba wanda zai kalli rufin. Jaririn da aka naɗe da tawul da hula da safa cikin Afrilu don tsoron sanyi ya shige shi, ya yi ta kuka har ya gaji ya yi laushi, za a nemi dalili a ko'ina ban da tawul ɗin. Matar da ke tsaye kan murhu a madafar da aka rufa da kwano, ga wuta a gaba ga rana a sama, mai ciki ce ko mai shayarwa, ita ce ta fi kowa shan zafi a gidan, ita ce kuma ba a lissafawa, don ba ta fita ba.

Alamomin a fili suke ga wanda aka koya wa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa, fitsari kaɗan mai duhu: jiki ne ke cewa ruwa da gishiri sun yi ƙasa. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in da hali ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa. Amma idan ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya faɗi, jikinsa ya yi zafi rau, to zafin cikinsa ya haura 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda suna cikin haɗari. A nan ba a jira. A kwarara masa ruwa, a yi ta fifita, a sa jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata da matse-matsi, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Maganin zazzaɓi kuma ba ya sauke irin wannan zafin, tunda ba daga cuta ya taso ba.

Abin da ya faru a Mali a 2024 ya isa ya sa mu sake tunani. Ranar 3 ga Afrilu ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwanaki huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗaya 130 ya ƙirga. Fiye da rabinsu sun haura shekara sittin. Mutanen Bamako ba baƙin zafi ba ne, su ma da "mun saba" suka tashi. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution da suka bi diddigin abin sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da hayaƙin man fetur da kwal da gas ya jawo wa duniya ba, sun kuma nuna cewa dare ya fi rana ƙaruwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, domin duk dabarar zamanmu an gina ta ne a kan cewa dare zai yi sanyi, jiki ya huta, ya tashi ya sake ɗaukar wata ranar. Watanni biyu bayan haka, a aikin Hajjin shekarar, ma'auni ya kai 51.8 a Makka, alhazai fiye da 1,300 suka rasu.

Zafin Kayes ya zo ne a ƙarshen watan azumi, kuma mu ma a nan mun sha azumin bazara a jere: na 2021 ya kama a tsakiyar Afrilu, na 2022 a farkonsa, na 2023 da 2024 cikin Maris. Tunda watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu yana komawa cikin sanyi, kuma sai bayan shekara talatin da 'yan kai zai dawo inda ya baro. Yaran da suka fara azumi a waɗancan shekarun za su sake haɗuwa da shi suna iyaye, a bazarar da ta fi wadda suka sani. Addini bai bar mu babu mafita ba. An yi wa marar lafiya da tsoho da mai ciki da mai shayarwa rangwame, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan huce. Idan har salla aka sassauta wa lokaci saboda zafi, ban ga hujjar mai gini da zai tsayar da leburori suna kwaɓa siminti da ƙarfe biyu na rana cikin Mayu ba, ko makarantar da za ta tara yara tamanin a aji mai rufin kwano babu sili har bayan azahar. A fara da asuba, a tashi da wuri. Manoma sun daɗe suna haka a sharar gona da kai taki, ba su jira takarda daga kowa ba.

Akwai cutar da a bakin jama'a ita da zafi ɗaya ne, wato sanƙarau. Za ka ji ana cewa zafi ne ke kawo shi. Gaskiyar ta ɗan fi haka tsawo. Ƙwayar cuta ce ke zama a maƙogwaron mutane da yawa ba ta yi musu komai, tana yawo ta tari da numfashi. Busasshiyar iska da ƙurar rani suna kakkarce fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Ɗaki mai cunkoso marar taga yana taimaka mata. Da ruwan farko ya sauka, laima ta dawo, sai annobar ta lafa. Ƙasar Gumel tana tsakiyar zirin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da ta kama fiye da mutum 100,000 a arewacin Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Wata annobar kuma a ƙofar gida ta faru. Daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 1,686 da ake zaton sun kamu a Najeriya, 124 suka rasu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na masu cutar a Jigawa suke. Maigatari da Sule Tankarkar su ne suka fi jin jiki, a daidai lokacin da Damagaram ke fama da tata annobar a ƙetaren iyaka. A Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga iri biyar na ƙwayar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya cikin bazara ba abin jira a ga wayewar gari ba ne, ba kuma na turare ba ne.

Yanzu mu shiga gida. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana shanye zafin rana a hankali, ba ya kai shi ciki sai yamma ta yi. Da rana ɗakin na da sanyi. Da dare, sa'ar da bangon ya fara amayar da abin da ya sha, mutanen gida sun riga sun fito da tabarmi tsakar gida, an yayyafa wa ƙasa ruwa tun magariba, maza matasa suna ƙofar gida ko kan dakali. Gidan da mutanen ciki suna aiki tare, kowa da sa'arsa. Ɗakin kara da jinka kuwa iska na ratsa shi ta ko'ina. Kwano ya zo ya rushe wannan tsarin. Da hantsi ya ɗau zafi, nan take ya sauke shi a kan wanda ke ƙasa, bulon siminti kuma siriri ne, ba ya tare komai. Ba zan zargi wanda ya rufa kwano ba. Soro yana son yaɓe kowace shekara, gara na cin azara, giginyar da ake tsaga azarar ta yi wuya, kuma kowa ya ga yadda gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a Jigawa a daminar 2020 da ta 2022. Mutum ya gudu daga rushewa ne. Kuskuren shi ne mun ɗauko kwanon mun bar abin da ya kamata ya zo da shi: rufi mai tsawo, sili a ƙarƙashi ko da na zana ne ko buhu, taga biyu masu kallon juna, farin fenti a saman kwanon don ya mayar da hasken rana, da rumfa a bangon yamma. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai kuɗin ƙofar ƙarfe mai ado da ake sa wa gidan. An gina ɗakunan ne da tunanin fanka za ta yi sauran aikin, ita kuwa wutar lantarki ta fi ɗaukewa a watannin da aka fi bukatarta. Sola ta fara cike giɓin ga mai hali, har ƙanƙara ta zama sana'a a garuruwan da ba su san ta ba, amma yawancin gidajen ƙauye ba su kai nan ba tukuna.

Abin da ke kowane gida, na mai hali da na talaka, ita ce randa. An binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a lungun da rana ba ta kaiwa, an rufe bakinta da faifai, moɗa na kai. Jikinta yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska na busar da shi, na cikin yana sanyi. Kuma ƙunar da ke wahalar da mutum ita ke gyara randa, domin gwargwadon bushewar iska gwargwadon sanyin ruwan. Wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya ɗauki wannan sanin ya ƙara masa mataki ɗaya a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ana jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da tattasai da yalo da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai su yi makonni. Ya rarraba dubbai a ƙauyukan Jigawa, a shekarar 2000 kuma kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo, dabarar ta bazu har Sudan da wasu ƙasashe. Abin takaici ne a ce yau yaro a Gagarawa ya san sunan firji iri-iri da ba su da wutar kunna shi, bai taɓa ganin tukunya cikin tukunya ba. Haka abin sha. Farau-farau, da kunun tsamiya, da zoɓo, da fura da nono mai ruwa-ruwa, dukkansu suna mayar wa jiki ruwa tare da ɗan abin riƙe ciki, sun fi lemon kwalba da ke ƙara ƙishirwa.

Saura inuwa, wadda ita ce gaba da komai. Darbejiyar da ta cika titunan Gumel da harabar makarantu da bakin kasuwanni baƙuwa ce daga Indiya, a zamanin Turawa aka shigo da ita ta Borno, amma ta zama 'yar gari, don tana riƙe ganyenta a watan da sauran itatuwa suka zubar. A ƙarƙashinta ake gyaran babur, ake aski, ake karatun allo, ake yanke shawarar aure. A gona kuwa gawo ne. Shi yana yin abinsa a juye: da damina ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi kore shar. A bazara, lokacin da harawa da dusa suka yi tsada, dabbobi suka rame, gawo ne ke ba su inuwa ya kuma zubo musu 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona.

Jigawa na cikin jihohi goma sha ɗaya da ke cikin shirin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. An dasa itatuwa, wasu sun rayu, da yawa bazarar farko ta cinye su, domin dashen da ba mai ba shi ruwa a Afrilu ba ya ganin Yuni. Darasin da ya fi kusa da mu yana hayin iyaka. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Maraɗi da na Magarya da Matamaye da Mirya sun daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture idan suna sharar gona. Sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, su sassabe sauran, su kare shi daga awaki. Saiwar ta riga ta yi zurfi tun da daɗewa, ba ta bukatar ban ruwa. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun daga 1983, amma manoma ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma a gonakin Magarya, maƙwabtan Sule Tankarkar da Maigatari, mafi yawansu gawo ne.

Abin da ya sa ta kama a can shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba, kuma wanda ya sare masa da dare zai amsa tambaya a gaban mai gari. Yashi ɗaya ne da namu, ruwan sama kusan ɗaya, harshe ɗaya, har auratayya ake yi. Kututturen ma suna nan a gonakin Gagarawa da Gumel, suna toho kowace shekara ana sharewa tare da ƙaya a watan Afrilu. Wannan magana ce da hakimi zai iya tara dagatai da masu unguwanni a kanta kafin sharar gona ta bana: kowane mai gona ya bar toho goma ko ashirin, a san na wane ne, a kuma faɗi tarar mai gatarin da ya taɓa su.